Garmar Kofur Haladu a Gaban Likita

Dagumawa, Wudil
Disamba, 1955

Takarda ta fito daga hannun Kofur Haladu zuwa ga shugabansa kuma amininsa, Saje Maikano, masinjan ofis a Kano. Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Ina gajiya, ina aiki, yaya iyali da yara? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Bayan gaisuwa, Saje, kar ka yi dariyar rubutuna. Tun da muka bar bariki ban sake riƙe fensir ba sai yau.

Ka tuna gutsuren ƙarfen nan da ya shige ni a kwatangwalo a bakin kogin Kaladan, lokacin yaƙin Bama, wanda likitan soja ya ce gara a bar shi a ciki? Shekara da shekaru muna zaman lafiya da shi. To, ya fara motsi. Tafiya dai ina yi, da sanda. Amma in na sunkuya na kafa garma na jawo ƙasa, sai ƙafar ta mutu tun daga ƙugu. Damina biyu ke nan ban yi huɗa ba.

Gonar babana nake ji, ta bakin kogi mai tsamiya a tsakiya, wadda na ishe ku da labarinta a sansani. Mai unguwa ya kira ni. Bai ci mutuncina ba ko kaɗan. Ya ce mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, ba zai iya zura ido gona irin wannan ta koma saura ba. In damina mai zuwa ta wuce ba a huɗe ta ba, zai ba wani. Gaskiyarsa ce. An yi mini gayya sau ɗaya, kuma ba kullum ake yi wa mutum gayya ba. Yarana ƙanana ne. Yayata Uwa ce ke riƙe da gidan da furar da take sayarwa a kasuwar Wudil, matata Mairo na dama mata.

Wani tsohon soja ya gaya mini a kasuwar shanu wai gwamnati na ba da fansho ga wanda yaƙi ya nakasa. In haka ne, zan iya ɗaukar 'yan ƙwadago su huɗe gonar, ta zauna a hannuna har yaran su tasa. Ba bara nake ba, Saje. Ka bincika mini a hankali. In babu, ka ƙona takardar nan, kar kowa ya ji.

Ka gai da mutanen gida. Haza wassalam.
Naka,
Kofur Haladu

*

Kano
Janairu, 1956

Daga Saje Maikano zuwa ga Kofur Haladu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyar Yaya Uwa da Mairo da yara.

Kai, Kofur! Shekara goma shiru, sai da ƙafa ta matsa maka ka tuna kana da Saje? Rubutun naka kuwa sai da na kai shi bakin taga kafin na gane shi, kamar kaza ta bi ta kan takardar. Amma na ji daɗinsa wallahi.

Ban ƙona komai ba. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kuma ba sadaka ba ce, haƙƙinka ne. Na je ofishin tsofaffin sojoji na sa an rubuta sunanka da lambarka. Wata mai zuwa likita zai zauna ya duba irinku a asibiti. Abin da ya gani shi zai rubuta, abin da ya rubuta shi za a bi. Ka zo da littafin sallamarka. Ka hawo motar kasuwa, za ta sauke ka ba nisa.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. A lokacin za mu fita rangadi da maigidana, ba zan samu raka ka ba. Amma kai ba yaro ba ne, ka tsaya gaban manyan hafsoshi ba sau ɗaya ba. Ka san yadda ake yi.

Ni kuwa ina nan ina yawo da takardun mutane a keke, tumbi ya fito, ɗamarar da ba ta kama ni. Ka gaya wa Yaya Uwa ina nan zuwa shan furar da ka riƙa cika mana baki da ita a daji.

Allah ya ba da sa'a. Ka huta lafiya.
Saje Maikano

*

Dagumawa
Fabrairu, 1956

Zuwa ga Saje Maikano. Gaisuwa da girmamawa, da fatan kun dawo rangadi lafiya.

Saje, na je, na dawo, kuma ban ba da ku ba.

Mairo ta aro dutsen guga wurin tela ta goge mini tsohon kakina har yana sheƙi. Na maƙala lambobina. A ciki na ɗaure kwatangwalon da tsohon rawani tamau. Da na isa ƙofar asibiti na ba wani mai goro ajiyar sandata, don ban ga yadda zan shiga gaban hafsa ina dogarawa kamar tsohuwa ba.

Mutum biyu ne a gabana, su ma tsofaffin sojoji. Ɗaya yana nishi, ɗaya yana jan ƙafa yana wayyo Allah. Na kau da kaina, don na ji musu nauyi. Na ce a raina ko wace bataliya ce ta yaye waɗannan.

Likitan Bature ne, dattijo, da ganin tsayuwarsa ka san ya taɓa sa kaki. Ina shiga na ƙame na sara masa. Ya ɗago ya yi murmushi. Ta bakin tafinta ya ce in je bango in dawo. Na je na dawo da takun fareti, har da juyawar nan da kake yabona da ita. Ya ce yaya ƙafar? Na ce lafiya lau, sai godiya. Ya sa na kwanta, ya danna wurin da babban yatsa. Saje, duhu na gani, amma ko ƙifta ido ban yi ba. Ya ce da zafi? Na ce kaɗan ne, ba na a faɗa ba. Ya dafa kafaɗata ya faɗi wata magana, tafinta ya ce cewa ya yi da duk sojoji irina ne da an huta.

Ka ga ke nan ya gane ni ba ragon soja ba ne, kuma na cancanta. Ina jin takarda ba za ta daɗe ba. Na riga na yi wa Ya'u magana, wani matashi mai ƙarfi a unguwarmu, cewa shi da abokansa za su yi mini huɗa bana.

Na ɗan gaji da hanya, amma da sauƙi. Wassalam.
Kofur Haladu

*

Kasuwar Wudil
Maris, 1956

Daga Uwa mai fura, yayar Haladu, zuwa ga Saje Maikano. Malam Isyaku mai rubuta wa mutane takarda ne ya rubuta, kuma na ce masa kar ya gyara mini magana. Gaisuwa mai yawa, yaya uwargida da yara, yaya aiki?

Saje, ban san ka ba sai a bakin ƙanena, amma yau kai zan kai wa kuka. Takardarku ta zo. Wai likita ya duba shi ya ga lafiyarsa ƙalau, zai iya kowane aiki. Tabɗi! Lafiya ƙalau!

Na san ya rubuta maka cewa ya ɗan gaji. To bari in gaya maka irin gajiyar. Yana fitowa ƙofar asibitin, kafin ya miƙa hannu ya karɓi sandarsa, ya zube. Mai goron da direban mota ne suka ɗaga shi suka sa a bayan mota kamar buhun gyaɗa. A bakin kasuwa aka sauke mini shi, a kan jaki muka kai shi gida. Da muka kwance rawanin nan, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Sai da wata ya kusa cika kafin ya iya zuwa masallaci. A kwance ya rubuta maka waccan takardar. Mairo ta ce in ciwon ya taso, gefen bargo yake cusawa a baki ya ciza don kar yara su ji.

Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu, na san halinsa tun yana tsumma. Ranar da aka yi musu kaciya, duk sa'o'insa sun tsala ihu, shi ya yi shiru hawaye na zuba. Babanmu ya ji daɗi ya ba shi zakara, ya bi gari yana faɗa. Wallahi tun ranar aka cuce shi. Ku kuma kuka ɗauke shi kuka ƙarasa.

Yanzu ya ce haka Allah ya ƙaddara, a bar wa mai unguwa gonar. Ni ban yarda ba. Babanmu da gatarinsa ya sare dajin nan, ina biye da shi da tulun ruwa. Shuka dai ni da Mairo za mu yi in ruwa ya sauka, amma garma ta fi ƙarfinmu, kuma fura ba za ta ciyar da gida ta biya 'yan ƙwadago ba.

Maganata ba ya ji, ya ce ni mace ce ban san soja ba. To kai da ka san sojan, ka yi masa magana. In ba a ba mutum sai ya yi kuka, ka ba shi oda ya yi kukan.

A gai da mutan gida. Sai na ji daga gare ka.
Uwa

*

Kano
Afrilu, 1956

Zuwa ga Kofur Haladu. Bayan gaisuwa, da barka da shan ruwa, da tambayar jiki. Jikin gaskiya nake tambaya, ba na fareti ba.

Haba Haladu! Haba! Da na dawo na karanta takardarka sai da na zauna a kan dakali na riƙe kai. Ka je neman a san ba ka da lafiya, ka ɓoye sanda, ka ɗaure ciwo, ka yi wa likita maci. To me kake so ya rubuta? Shi ba boka ba ne. Nan mutanenmu in ka ce da sauƙi, suna duban fuskarka su gane sauran. Shi abin da ka ce shi ya ɗauka, abin da ka nuna shi ya gani. Amma laifin har da nawa, ni na ce maka ka san yadda ake yi. Ka kuwa yi yadda muka koya maka.

Na yi ta safa da marwa a ofishin nan har akawun ya gaji da ganina. An yarda za a sake duba ka bayan salla, in likita ya sake zama. Sun ce daga wannan babu wata. Wannan karon ina nan, ƙafata ƙafarka.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar Kaladan ni na goya ka daga bakin ruwa zuwa inda masu magani suke, wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba, don ba ka cikin hayyacinka, shi ne kuka ka yi ta yi a bayana tun daga farko har ƙarshe. Kana kiran Yaya Uwa, kana cewa ta zo ta ɗauke ka, ƙafarka na ci da wuta. Hawayenka da majinarka duk a wuyana. Kuma wannan kukan ne ya sa ban ajiye ka ba, don da ka yi shiru da na ɗauka ka cika, na koma na ɗauko wani.

Tun daga ranar zuwa yau ban taɓa ganin ka ragu a idona ba. Da za a ce in zaɓi mutum ɗaya mu koma dajin nan, kai zan zaɓa.

Yaya Uwa ta ce in ba ka oda. Ba ni da wannan ikon yanzu, roƙonka nake. Ka zo ka faɗi gaskiyar jikinka.

Allah ya ba mu alherin wannan wata.
Maikano

*

Dagumawa
Mayu, 1956

Zuwa ga Saje. Gaisuwa, da barka da salla.

Takardarka ta kwana biyu a aljihuna ina fito da ita ina mayarwa. Da farko haushinka na ji. Daga baya na rasa haushin wa zan ji.

Ka ce in faɗi gaskiya. Saje, ni ban ɗauka ƙarya na yi ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin babana ya amsa gaisuwa da wani abu ban da lafiya lau ba, har ciwon da ya tafi da shi. Kuma ina tuna waɗanda muka binne a gindin gora a can, ba likkafani. Ni na dawo da ƙafa biyu, na haifi 'ya'ya. In na buɗe baki zan ce ba ni da lafiya, sai in ji kamar ƙarar Ubangiji nake kaiwa wurin Bature. Na tambayi limaminmu, ya ce gaya wa mai magani ciwo ba butulci ba ne. Kaina ya yarda, bakina ne ya ƙi.

Jiya na dogara na je gonar. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi, Yaya da Mairo sun shuka gero. Na zauna a gindin tsamiyar ina kallonsu, mata biyu a sunkuye ni ina inuwa. Babban ɗana ya zo ya ɗauki garmata yana ƙoƙarin ɗaga ta, ta rinjaye shi ya faɗi zaune yana dariya. A nan na ga ashe ba ni kaɗai zan biya kuɗin tsayuwar da na yi a gaban likita ba.

Zan zo. Amma ka sani ba zan iya yin nishi da gangan ba, kuma in ya ce in je bango in dawo, ƙafar nan za ta yi maci ko ban sa ta ba. Na san abin da zan yi. Kai dai ka roƙa mini a bar ni in shiga da kayana.

Maganar kukan nan kuma, Yaya ba ta sani ba ko? Ka bar ta a haka.

Wassalam.
Haladu

*

Kano
Yuni, 1956

Daga Maikano zuwa ga Yaya Uwa, ta hannun Malam Isyaku. Gaisuwa da girmamawa, yaya kasuwa, yaya Mairo da yara?

Yaya, kar hankalinki ya tashi da kika ga motar ta dawo ba shi. An kwantar da shi a asibiti, yana cin abinci, kuma kullum ina zuwa. Ga yadda aka yi.

Da na tarye shi a tasha na ga ba kaki, ba lambobi. Tsohuwar taguwar gona ce a jikinsa, sanda a hannu, garma a kafaɗa. Na ce, "Kofur, asibiti za mu ko gayya?" Muka wuce asibiti. Mai gadi ya so ya hana mu shiga da garmar, na lallashe shi.

Likitan nan ne dai na farko, kuma ya gane shi. Haladu na ganinsa sai jikinsa ya ƙame da kansa, na ce a raina shi ke nan, za a sake irin ta farko. Likita ya ce yaya ƙafar? Sai Haladu ya juya ga tafinta ya ce, "Gaya masa ni bakina ba zai iya ba. In ya yarda ya fito waje, ƙafar za ta gaya masa da kanta."

Likita ya dubi garmar, ya dube ni, ya tashi. A bayan ɗakin akwai fili, an yi ruwa ƙasa ta jiƙe. Masu jinya da masu jiran layi suka taso suna kallo, har da mata. Kin san shi da idon mutane. Ya dube su sau ɗaya, ya jingine sandar, ya tofa yawu a hannu, ya yi bisimilla ya kafa garma.

Yaya, ban taɓa ganin huɗa mai kyau irin ta farkon layin nan ba. Ƙasa na kifuwa a miƙe kamar an ja zare. Wani tsoho a cikin masu kallo ya ce, "Kai, wannan manomi ne." Bai yi nisa ba na ga ƙafar hagu ta fara jan ƙasa. Gumi ya karyo masa. Na matsa zan riƙe shi ya ce, "Bari, Saje." Ya sake kafawa ya ja, sai ƙafar ta tafi gaba ɗaya. Ya faɗi da fuska a cikin ƙasar da ya huɗa.

Ya yunƙura zai tashi ya kasa. Ya sake, ya kasa. Sai na ji ya ce da ƙarfi, kowa na ji, "Wayyo ƙafata! Saje, ɗaga ni, ba zan iya ba."

Likita ya riga ni isa. Ya durƙusa a cikin taɓo da farin wandonsa, ya danna wurin, wannan karon Haladu bai ɓoye komai ba. Likita ya tambaya me ya sa bai faɗa ba tun wancan zuwan. Haladu ya ce, "Ba a koya mini ba." Tafinta ya juya masa. Da ni da likitan muka ɗauke shi zuwa ciki. An yi masa hoton ƙashi, an ga ƙarfen ya gusa. Likita ya yi rubutu mai yawa, amma ban san me ya rubuta ba, kuma ba shi ke yanke maganar ƙarshe ba, sai takarda ta je ta dawo.

Da zafin ya ɗan lafa abin da ya fara cewa shi ne ya bar wa mutane rabin layi a fili, abin ba kyan gani. Don ya samu barci na fita na tuɓe rigar masinja na ƙarasa masa. Nawa rabin ya karkace, bayana kuma har yau bai daina ciwo ba.

Ki roƙi mai unguwa ya ƙara haƙuri kaɗan. Garmar tana wurina, tare za su dawo.

Ki huta lafiya.
Maikano

*

Dagumawa
Yuli, 1956

Zuwa ga Saje Maikano. Gaisuwa mai yawa da godiya.

Takarda ta zo, an amince. Ya'u da abokansa sun shiga gonar, yau suka kai huɗa gindin tsamiya. Da garmata Ya'u yake yi. Hannunsa bai kai yadda nake so ba, amma na yi shiru.

Mai unguwa ya biyo ta wurin da hantsi. Ya tsaya ya dubi geron, ya ce Allah ya sa albarka, gona ta zauna. Sannan ya ce, "Haladu, yaya jiki?"

Saje, lafiya lau ta riga ta zo bakina. Na haɗiye ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar tana ciwo ƙwarai. Amma alhamdu lillahi."

Ya tattara rigarsa ya zauna kusa da ni a ƙasa. Ya ce shi ma gwiwarsa ta hana shi barci tun bara, bai taɓa gaya wa kowa ba. Muka zauna muna kallon yaran suna aiki har azahar.

Yaya ta ce furarka na jira, ka zo kafin gero ya fid da kai.

Naka,
Haladu